Ruwan lagireto na raguwa: kwalbar maganin toshe ɗigo ko gwajin famfo a sana'iyya?

Alhaji, ka ce Corolla ɗin da kake jigila da ita tsakanin Jidda da Makka tana shan ruwa, daga layin F zuwa L a ƙirba (robar ajiyar ruwan lagireto) cikin kwana goma, ba ka ga ɗigo a ƙasa ba, mai shagon kayan mota kuma ya ce ka zuba maganin toshe ɗigo ka huta. Kana tambaya: ka zuba, ko ka kai ta sana'iyya, wato unguwar makanikai?

Abu biyun ba aiki ɗaya suke yi ba. Abin da ke cikin kwalbar ɓarɓashi ne da ke zagayawa tare da ruwan inji, in ya tarar da rami sai ya cushe a ciki. Ramin da yake iya rufewa bai wuce bakin allura ba, a jikin siraran bututun lagireto. Shi kuwa gwajin famfo ba ya gyara komai, wurin kawai yake nunawa. Inji a sanyaye, makaniki zai cire murfin lagireto, ya ɗaura famfon hannu mai agogo, ya buga iska daidai adadin da ke rubuce a kan murfin (a Toyota yawanci bar 0.9 ko 1.1, ma'aunin matsin iska), ya jira minti 10 zuwa 15. In allurar ta sauka, akwai inda ke yoyo, kuma da yake inji ba zafi za a ga ruwan yana tsattsafowa. Mai yiwuwa dalilin da ya sa ba ka ganin komai a ƙasa ke nan: ɗigon na sauka a kan ƙarfe mai zafi ya bushe nan take, sai dai ya bar fari-farin sawu kamar kanwa, ko ruwan hoda in ruwan Toyota ne a ciki.

To mu ɗora su a kan wuraren da ruwa ya saba ɓacewa.

Fara da murfin kansa, don shi ya fi arha kuma shi aka fi mantawa da shi. Ruwa zalla yana tafasa a digiri 100. In an haɗa shi rabi da rabi da sinadarin lagireto yana kaiwa wajen 107, murfi mai lafiya kuma ya riƙe matsi ya ɗaga shi sama da 120. Da zarar robar murfin ta tsage ko sifirin ɗinsa ya saki, ruwan zai riƙa tafasa da wuri yana fita ta ƙirba, musamman a cunkoson Makka da rana tsaka ga na'urar sanyi a kunne. Kwalba goma ba ta maganin wannan. Famfon gwajin nan yana da bakin da ake gwada murfi da shi, ka ce a gwada.

Tiyo da ya kumbura ko ya tsage a bakin maɗauri, shi ma kwalba ba ruwanta da shi, domin roba tana buɗewa tana rufewa da zafi. Sabon tiyo da sabon maɗauri. Haka turumbar ruwa, wato famfon da ke zagaya da ruwan inji: akwai ɗan rami a ƙasanta, in ka ga busasshen sawu a nan to abin da ke tare ruwa a cikinta ya ci, sai canji.

Inda aka fi ɓarnar kuɗi shi ne tankin robar lagireto. Na motocin yanzu jikinsa alminiyam ne, sama da ƙasa roba. Zafi yana gasa robar har ta koma ruwan ƙasa-ƙasa, sannan ta tsage, galibi kusa da wuyan tiyon sama. Maganin kwalba ba ya riƙe ta, gam ma kwana kaɗan yake yi ya ɓalle. Walda ta tsofaffin lagireto na tagulla ce. Na tashlihi kuwa, wato lagireton da aka ciro daga tsohuwar mota, zafin da ya gasa naka shi ya gasa shi. In aljihu zai iya, sabo ya fi.

In kafet ɗin gefen fasinja ya jiƙe, ga wani zaƙi-zaƙin wari a cikin mota, ƙaramin lagireton hita ne. (Farin ruwa mara wari da ke ɗiga a ƙarƙashin mota bayan ka kunna sanyi ba matsala ba ne, na na'urar sanyi ne.) In allurar famfon gwaji ta sauka amma waje a bushe, sai a duba gaskit ɗin kan inji: farin hayaƙi a salansa bayan inji ya ɗumama, kumfa na tasowa a bakin lagireto, baƙin mai ya koma kamar shayi da madara. Akwai shuɗin ruwan gwaji da ke komawa rawaya in hayaƙin inji na shiga ruwan.

Kwalbar tana da ranarta. Kana kan hanyar Madina da dare, ka ga ɗan tsattsafi a jikin bututun, ba gareji kusa: zuba daidai yadda aka rubuta, kada ka ƙara ta biyu. Illarta ita ce ɓarɓashin bai san rami daga bututu ba, yana iya toshe hita da wasu layukan lagireton. A cikin gari ba za ka lura ba, sai ranar da ka kama hawan Hada zuwa Ɗa'ifa ka ga allurar zafi tana tashi. A naka yanayin, da mota tana tafiya kuma sana'iyya na kusa, gwajin famfo ne.

Bayan gyara, a zuba irin ruwan da littafin motar ya ce. Mai ruwan hoda na Toyota a haɗe yake zuwa, ba a ƙara masa komai; ruwan famfon gida kuma yana kawo tsatsa da datti. A kunna hita har ƙarshe, a bar inji yana aiki sai fanka ta tashi don iska ta fita, in ya huce a cike. Kada ka taɓa buɗe murfi inji da zafi, kuma tsohon ruwan guba ne mai zaƙi, a kawar da shi daga yara da maguna. Sa alama da biro a jikin ƙirba, ka duba da safe kwana uku a jere kafin ka tayar da mota.