A Faransa allo ne ke zaune a gishe

Ƙanena, ina gaishe ka, ka gaida mini su Inna da mutanen gida. Ka ce in ba ka labarin manhajojin ƙasar nan tunda kai ma ka fara koyon haɗa su a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo. To, bismilla.

A nan an tashi mutum daga gishe, wato tagar da ma'aikaci ke sallamar jama'a, an zaunar da allo. Tikitin jirgin ƙasa, randebun likita, takardun zama, har biyan kuɗi a babban kanti, duk da yatsa ake yi. A Maradi in manhaja ta ƙi ka, kabu-kabu za ka hau zuwa ajans ɗin Nita ko Amana, ka miƙa kuɗi, ka faɗi lamba, yaro ya ba ka rasit. A nan in allo ya ƙi ka, sau da yawa babu wanda za ka yi wa sallama. Hukumar ƙididdigar Faransa, INSEE, ta ce a 2021 kusan kashi 15 cikin ɗari na masu shekara 15 zuwa sama ba su iya aiki da intanet ko ba su taɓa shi, yawancinsu tsofaffi.

Inda suka iya, sun iya. Katin banki kangawa kawai ake yi a jikin na'ura, har yuro 50 ba a neman lambar sirri. Sufurin Paris kuma a da farashi kala-kala ne gwargwadon nisan tafiya, baƙo ya tsaya gaban na'ura yana zufa, layi na tsaki a bayansa. Daga 1 ga Janairun 2025 aka mayar da tikitin metro da jiragen kewayen birni kuɗi ɗaya, yuro 2.50 a shekarar, wajen sefa 1,640 ke nan. Na'urar ba ta ƙara kyau ba, tambayoyinta ne suka ragu, kuma ni a ganina wannan gyaran ya fi duk wani fenti da za a shafa mata.

Amma son ƙawa ya yi musu yawa. Manhajar bankin da nake ajiya kyakkyawa ce ƙwarai: farin fili, siraran haruffa ruwan toka, ko'ina wasai. Wurin tura kuɗi kuwa an ɓoye shi bayan wasu ƴan layuka uku a kusurwa, don kada ya ɓata ado. Ka fita waje, rubutun ya ɓace, alhali ranar nan ko kusa ba ta kai ta Maradi a watan Afrilu ba. Yayi ne. Tun 2013 da Apple ya sauya fuskar iPhone zuwa siraran haruffa, kowa ya bi sahu. A 2025 ya sake fito da wani salo mai kamar gilashi, ana hango abin da ke baya, mutane suka yi ta ƙorafin ba su iya karatu, sai da ya ƙara wurin da za a rage shi. Alhali akwai ma'auni sananne na ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet: bambancin haske tsakanin rubutu da bayansa kada ya gaza 4.5 bisa 1. Ka riƙe wannan lambar. Tun 28 ga Yunin 2025 ma dokar Tarayyar Turai ta wajabta wa bankuna da masu sayarwa ta intanet su yi tsarin da makaho da mai raunin gani za su iya amfani da shi.

Har motoci abin ya shafa, an kwashe maɓallai an zuba cikin allo. Yanzu Euro NCAP mai auna lafiyar motoci ta ce daga 2026 za ta rage maki ga motar da ba ta da maɓallin hannu na sigina da oda da abin share gilashi.

Wani adon kuma da gangan ne, tarko ne. Kowane shafi ka buɗe sai ya nemi izinin bin sawunka. "Na yarda" ƙato ne mai launi, "ban yarda ba" sai ka tona. A farkon 2022 hukumar CNIL mai kare bayanan sirrin jama'a a Faransa ta sanar da tarar yuro miliyan 150 kan Google da miliyan 60 kan Facebook saboda wannan kaɗai.

Kada ka ɗauka namu na gida na wanke. Lambobin nan na etuwal da diyez (* da #) ba su da kyan gani ko kaɗan, amma suna aiki a ƙaramar Itel mai tocila, ba intanet, rezo sanda ɗaya. Aibinsu, da Faransanci suke, kuma ka ɗan yi jinkiri su katse. Shi ya sa hajiya mai ƙuli-ƙuli take miƙa wa jikanta waya har da lambar sirrinta. WhatsApp kuwa da saƙon murya ya ci garinmu: danna, yi magana, saki. Da shi ɗan kasuwar da bai shiga lakwal ba yake ciniki da Kano da Jibiya.

Saboda haka manhajar da kake yi wa ƴan kasuwa, kafin ka zaɓi launi, kai ta babbar kasuwa da tsakar rana, a tsohuwar waya mai fasasshen gilashi. Ba wa dattijo, ka rufe bakinka, ka ga inda yatsansa zai tsaya. Sa murya da Hausa. Kuma ka tuna shi da dala da jikka yake lissafi: in ya ce ɗari, sefa 500 yake nufi, ga naira ma tana yawo a hannunsa. Allon tabbatarwa ya nuna sunan mai karɓa da manyan haruffa, ya faɗi kuɗin ta hanyoyin biyu, dala da sefa, kafin su fita. In ka gama wannan sashen ka turo mini in gwada daga nan.