Zarton yankan allon siminti: faifan za ka fara dubawa, sannan takardar garanti

Wani abokin sana'a daga unguwar Mabera, a nan Sakkwato, ya kira ni makon jiya. An ba shi aikin lulluɓe gaban wani shago da allon siminti mai zare, yana so ya san wane zarto zai saya, kuma wai gaskiya ne da zarar an yanka allon da zarton lantarki garantinsa ya tashi? Na ce masa ya bari mu haɗu bayan la'asar, don maganar ta fi ƙarfin katin waya. Abin da na faɗa masa shi zan maimaita a nan, har da asarar da na tafka kafin in koya.

Allon nan haɗi ne na siminti, da yashi mai laushi da aka niƙa, da zaren itace irin wanda ake yin takarda da shi. Gara ba ta cin sa, wuta ba ta kama shi, kuma ranar Afrilu da Mayu ta Sakkwato, wadda ke wuce digiri 40, ba ta lanƙwasa shi yadda take yi wa roba. Mutanenmu har yanzu asbesta suke ce masa, kuma suna da dalili: wanda ya fara ƙirƙiro shi, Ludwig Hatschek na Ostiriya, da zaren asbestos ya haɗa shi a wajajen 1900, ya sa masa suna Eternit. Sai a shekarun 1980 kamfanoni irin su James Hardie na Ostireliya suka koma zaren itace, bayan an tabbatar asbestos yana kashe mutane. A nan gida Nigerite na Legas yana yin irin sabon da sunan Kalsi. Idan kuwa tsohon silin ne ko tsohon rufi ka tarar a gidan da aka gina tun zamanin da, kada ka sa masa zarto kowane iri. Maganata a kan sabon allo ce.

Duk wahalar yankansa daga yashin nan take. Faifan zarto na yankan katako mai haƙora 24 ko 40 zai shige shi da farko kamar wuƙa a cikin kabewa, ka ce ai an gama. Kafin azahar haƙoran sun dakushe, injin yana nishi, bakin allo yana ɓarewa, ƙura ta rufe wurin kamar an zazzage buhun simintin Kalambaina.

Injin fayilin na masu walda, wanda kowa ke fara ɗauka don shi ne a kusa, ka ajiye shi. Yana juyawa kusan sau 11,000 a minti, niƙa yake yi ba yanka ba, layinsa ba ya miƙewa, kuma James Hardie ya rubuta ɓaro-ɓaro a littafin aikinsa cewa kada a yanka allonsa da shi. Wuƙar tsaga layi a karya tana da kyau ga allon silin mai milimita 6 ko ƙasa, amma a na bango mai 9 ko 12 hannunka zai gaya maka. Almakashin lantarki na allon siminti ba ya tayar da ƙura sosai, sai dai yana da nawa, kuma sai ka yi odarsa. Ƙaramin zarto mai hawa da sauka, don huda gurbin soket kawai yake da amfani.

Nawa zaɓin shi ne zarton lantarki mai faifai, na hannu, mai ɗaukar faifan milimita 185 ko 190, wanda ke da bututun fitar da ƙura a jikin murfinsa. Irin su Bosch GKS 190, mai wat 1,400 da juyi 5,500 a minti, ko Makita HS7600 mai wat 1,200, duk sun isa. Makita ma yana da 5057KB da aka ƙera musamman don wannan aiki, da akwatin tara ƙura a jikinsa, in ka same shi na asali. Ba na zaƙewa a kan suna. Abin da nake dubawa shi ne farantin ƙasa ya zama mai kauri wanda ba ya motsi in an ɗaure shi, murfin faifai ya riƙa komawa da kansa ba tare da an tura shi ba, a kuma iya samun kabon ɗinsa, wato ’yan gawayin nan da ke kai wuta cikin motar injin, a gari, don ƙurar siminti kabon take fara ci. Ka tuna da wuta kuma: ƙaramin janareta da bai kai wat 1,000 ba ba zai tayar da shi ba, sai dai ya ƙone maka koyil. Nemi mai kVA 2.5 zuwa sama.

Sai faifan, kuma nan ne ya kamata kuɗinka su tafi. Ana rubuta PCD a jikinsa, wato bakin haƙoran daimon ne da aka matse a kan kabaid, wani ƙarfe mai tsananin tauri. Wanda bai saba ba in ya gan shi sai ya ce an cuce shi, don a faifan 185 haƙora 4 kacal ne, da manyan gurabu a tsakaninsu. Hikimar ke nan. Haƙora kaɗan suna ɗebo allon gutsure-gutsure maimakon su mayar da shi gari, don haka ƙurar da ke tashi ta ragu, gurabun kuma suna fitar da ita. Daimon bai damu da yashi ba. Faifai ɗaya na asali ya yi mini gaban shaguna uku da bangon wani ofis, har yanzu yana cikin akwatina yana aiki. Yana da tsada, ya ninka faifan katako sau da yawa, amma wanda ya sayi na katako shida a aiki ɗaya ya san wane ne mai arha. Raunin daimon ɗaya ne: yana da gautsi. In ya haɗu da ƙusa ko ƙarfen firam haƙori ya ɓalle, kuma mai wasa zarto na bakin kasuwa ba zai iya gyara shi ba.

Yadda nake yanka: fuskar allon a kife, don faifan daga ƙasa yake tasowa, duk ɓarewar da za a yi a bayan allon za ta tsaya. Zurfin faifan ya ɗan leƙo kaurin allo kaɗan kawai. A ɗaure miƙaƙƙen katako da kilam, wato ƙarfen matsewa, a bi gefensa. A waje ake yi, ba cikin ɗaki ba, kuma a duba iska. Da hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, sai ka tsaya ta yadda za ta kwashe ƙurar daga fuskarka da ta maƙwabta. Ƙurar silika ce, wato ta yashin da ke cikin allon, tana taruwa a huhu ta zama cutar silikosis, wadda ba ta da magani, kuma tun 1997 hukumar binciken cutar daji ta duniya ta sa ƙurar cikin abubuwan da ke jawo daji. A Amurka dokar hukumar OSHA ta 2016 ta kayyade maikurogiram 50 a kowace mita kubik ta iska a aikin awa 8, ta ce a yi wannan yanka a waje, da faifan da bai wuce inci 8 ba, da injin zuƙar ƙura haɗe da zarton. Mu nan ko injin zuƙar bai samu ba, takunkumin N95 ko FFP2 ba ya gagara. Rawani da hankici ba sa tare ta. Na san yaran aiki suna cire takunkumi in rana ta take, shi ya sa nake tara yankan duka da sassafe. In an tashi a yayyafa ruwa kafin a share.

To, ga abin da ya ƙone ni. Shekarun baya yayana ya ba ni aikin bangon shagonsa a Arkilla. Na shiga wata kasuwa neman faifan PCD, wani ya zaro mini ɗaya a kwali mai sheƙi, da hoton daimon har yana walƙiya, haƙora huɗu cif. Farashin bai kai rabin wanda aka gaya mini ba. Na ɗan yi jim, sai ya ce, “Wallahi Alhaji wanga shi na na asali, jiya-jiya anka kawo muna shi.” Har ya ɗauko magagari ya goga a haƙorin, magagarin ya zame, ya ce in gani da idona. Na biya ina murna na yi ciniki. A allo na 9, yaron aikina ya kashe inji ya ce, “Maigida, hwaihwan ga ya mace.” Na duba, bakin haƙoran ya zama kamar bakin tsohon cokali, baƙin da ke kansu kuma ya goge. Fenti ne a kan kabaid.

Gwajin magagari yaudara ce, don kabaid ma ya fi magagari tauri, zamewa zai yi a kan kowanne. Abin da za ka yi shi ne ka kai haƙorin cikin haske ka kalle shi ta gefe. Na asali hawa biyu ne: siririn layi baƙi mai santsi kamar madubi a fuska, da kabaid mai ruwan toka a bayansa, iyakarsu a fili. Na jabu launi ɗaya ne, ko baƙin ya malalo har kan jikin faifan. Rubutun na asali ba ya fita in ka murza da yatsa mai ɗan fetur, kuma za ka ga girman faifai, da girman ramin tsakiya, da iyakar juyin da yake ɗauka. Ramin nan ma tarko ne na daban: akwai na milimita 16, da 20, da 30. Bosch ɗin da na ambata 30 yake ɗauka, faifan da aka yi don Amurka kuwa yawanci wajen 16 ne. Ka tafi kasuwa da zartonka a hannu. In mai shago ya ce zai sa a faɗaɗa maka ramin wajen mai walda, ka yi masa sallama, faifan da ramin ya kauce rawa zai yi ya farfashe allo. Zoben rage rami da ya zo a cikin kwalin babu laifi. Mafi kyau duka, ka riƙo guntun allo ka ce a gwada a gabanka, a kuma rubuta PCD a rasidi. Mai gaskiya ba ya jin tsoron biro.

Injinan ma haka. Akwai masu launin Makita ko Bosch sak, da harafi ɗaya a sauye a sunan, ko ma ba a sauya ba. Ka ɗaga ka ji nauyi, don na jabu sau da yawa wayar alminiyam ce a cikinsu a madadin tagulla, shafal suke. Ka duba lambar inji a jiki ta yi daidai da ta kwali. Akwai tsofaffi da aka wanke aka fesa musu fenti, kan sukurorinsu ne ke tona asiri. Na gwanjo da ya fito daga Amurka kuma na bolt 120 ne, wutarmu 230 ce, sau ɗaya za ka jona shi ka ji ƙauri. Injinan kamfanoni irin su Ingco da Total ba sa ɓoye matsayinsu, kuma ni na fi son na asalinsu da jabun babban suna.

Maganar garanti. Zarton lantarki shi kaɗai ba ya kashe garantin allo. James Hardie da kansa ya lissafa zarto mai faifai cikin hanyoyin da ya yarda da su, in dai da faifan da aka yi don allon ne kuma a waje. Abin da garanti ke ɗauka shi ne aibin da ya fito daga masana'anta. Abin da ya lalace saboda ajiya, ko ɗauka, ko kafawa ba bisa littafin kamfani ba, naka ne. Mummunan faifai ta bayan gida yake cutar da kai: ya bar baki a ɓare da ƙananan tsagu, ruwa ya samu hanya.

Haka ya faru da ni. Na ƙarasa aikin Arkilla da mataccen faifan nan don kada in sake kashe kuɗi, ban shafa wa bakin da muka yanke komai ba, allunan ƙasa kuma suna taɓa daɓe. Ruwan Agusta ya zo, kafin ƙarshen damina gindinsu ya kumbura yana ɓarewa salo-salo. Na kwashi hotuna na tafi wajen dilan da ya sayar mana. Ya saurare ni da mutunci, sannan ya ce, “Malam, ina rasidi? Kuma mi kunka shahwa ma bakin da kunka yanke?” Rasidina wata ’yar takarda ce da aka rubuta “allo 30”, babu suna, babu kauri, babu kwanan wata. Allo 11 na canza daga aljihuna, Yaya bai ce uffan ba, kuma shirun nan ya fi mini zafi.

Yanzu kafin in biya sai na karɓi takardar garanti da littafin kafawa na ainihin allon da zan saya. Kada wani ya buɗe maka waya ya nuna maka shekara 30 ɗin da Hardie ke bayarwa a Amurka, wannan na allon da aka kafa a can ne. Ka tambaya allon na waje ne ko na ciki, don wanda aka yi don silin in ka kafa shi a bangon waje ka fita daga garanti tun ranar farko. Na ɗauki hoton tambarin da ke bayan kowane allo kafin a kafa. Na ajiye su a kwance a kan katako, a rufe, a ɗauke su a tsaye ta gefe, mutum biyu. Duk bakin da aka yanke a goge ƙurarsa a shafa masa fenti kafin ya hau bango. Ƙusa ko sukuru marasa tsatsa, da tazara daga baki yadda littafin ya ce. Tsakanin allo da ƙasa littafin Hardie inci 6 ya ce, wajen santimita 15, ka duba abin da naka ya ce.

Garantin zarton kansa daban ne, yawanci shekara 1, kuma ba ya ɗaukar faifai ko kabon. In aka buɗe aka tarar cikinsa dam da garin siminti, za a iya ce maka rashin kula ne. Ni kullum in an tashi aiki sai yaro ya kai shi can gefe, da takunkuminsa, ya goge ramukan iskar da burushi. Abokin nawa na Mabera dai ya sayi na milimita 185, ya kuma aiko mini da hoton haƙorin faifan daga cikin shago kafin ya miƙa kuɗi. Layin baƙin yana nan, hawa biyu.