Haibirid ɗina ta farko ta fitar da ni kunya, ta biyun ta ci mini kuɗi

Tunda na fara buga golf ban sayi sandar da ta faranta mini rai kamar haibirid mai lamba 4, mai kishingiɗar fuska digiri 22, ba. Haibirid sanda ce da aka haɗa siffar ayon (sanda mai siririn kan ƙarfe) da ta wud (sanda mai babban kai ta bugun nesa). Ni ɗan wasan ƙarshen mako ne a nan Kaduna, handikaf ɗina, wato lambar da ke auna iya wasa (ƙanƙantarta ita ce gwaninta), bai taɓa sauka ƙasa da 20 ba. Duk wanda yake sahunmu ya san azabar ayon mai lamba 3 da mai lamba 4: kai siriri, fuska kusan a tsaye, in ba ka sami ƙwallon a tsakiya cif ba sai ta yi ta birgima a ƙasa, hannunka na zugi.

Da damina na saye ta, lokacin da ciyawar gefen fili take kai wa idon sawu. Ranar da na fara gwada ta a wasa, ƙwallona ta nutse cikin irin wannan ciyawar, saura kusan yadi 170 zuwa rami. Kadi, yaron da ke ɗaukar mini jakar sanduna, ya miƙo mini ayon 7 ya ce, "Yallaɓai, a fitar da ita fili kawai." Na ce ya ba ni sabuwar. Wallahi ban ma same ta da kyau ba, ta wajen ƙarshen kan sandar ta bugu, amma sai ga ƙwallo ta tashi sama, ta miƙe, ta sauka dab da inda nake so ta tsaya. Yaron ya bi ta da kallo ya ce, "Yallaɓai, wannan kam kada ta bar jakar nan." Kan sandar faffaɗa ne, an tura nauyinsa ƙasa da baya, shi ya sa take ɗaga ƙwallo ko da bugun ba shi da ƙarfi. Gindinta kuma sulɓewa yake cikin ciyawa maimakon ya kafe. Ƙotarta marar nauyi ce, mai harafin R, alamar matsakaicin tauri. A ranar na cire ayon 4 daga jaka, tunda dama sanda 14 kawai doka ta yarda mutum ya ɗauka.

Daɗin nan ne ya sa na koma wurin mai shagon na ce ya samo mini lamba 3, digiri 19, irinta sak. Haka na faɗa masa, irinta sak. Ya kawo wata a cikin leda, sunan kamfani ɗaya, launi kusan ɗaya. Na ce masa kan nan ya yi mini ƙanƙanta, ya ce, "Alhaji, duk abu ɗaya ne, sabon yayi ne kawai." Na biya.

Ba abu ɗaya ba ne. Sandar nan ta ƙi ni ƙememe. In na buga, ƙwallo ba ta tashi, sai ta tafi ƙasa-ƙasa ta zame dama, wani lokaci ma ba ta kai inda lamba 4 take kai ni. Wani babban yayanmu da muke zagayawa tare, wanda handikaf ɗinsa bai wuce 5 ba, ya karɓa ya juya ta ya duba. Ya nuna mini harafin S, alamar tauri, a jikin ƙota, ya ɗora mini ita a tafin hannu in ji nauyinta, sannan ya ajiye su biyun a ƙasa gefe da gefe. A nan na ga bambancin da idona. Tawa ta farko kanta ya fi girma, fuskarta ta ɗan ja baya daga ƙota, kuma kamar tana leƙen hagu. Sabuwar kuwa kanta a tsuke yake, fuskarta a miƙe sak, ta fi kama da ayon. Ya ce, "Ƙanena, wannan ba taka ba ce, tamu ce."

Ya buga sabuwar, ƙwallo ta fita kamar harsashi, ba ta yi sama sosai ba, ta sauka inda ya nuna. Sai ya ce in ba shi wadda nake yabo. Duk bugun da ya yi da ita hagu ta kwashe, tana yin sama fiye da kima. Abin da ya bayyana mini shi ne, mu masu koyo yawanci fuskar sanda a buɗe take isa ga ƙwallo, shi ya sa tamu take zamewa dama in na hannun dama ne. Don haka ake sa nauyi ta wajen ƙota, a ja fuskar baya, domin ta rufe da kanta. Shi kuwa gwani dama yana rufe fuskar da hannunsa, ga sauri, in sanda ta ƙara masa sai abin ya yi yawa. Shi abin da yake so ƙota mai tauri da nauyi, da kan da zai bar shi ya lanƙwasa ƙwallo duk inda ya ga dama, ko ya danne ta in ana iska. Ya tuna mini cewa haibirid ba sandar ragwaye ba ce: da ita Y.E. Yang na Koriya ta Kudu ya yi bugun ramin ƙarshe da ya doke Tiger Woods a gasar PGA ta 2009, kuma Todd Hamilton da ita ya riƙa gangaro ƙwallo kusa da rami har ya ci gasar Open ta 2004.

Na mayar wa mai shagon lamba 3 ɗin, ya juya gindinta ya nuna mini ƙarzuwa ya ce an riga an yi amfani da ita. To da yaya zan san ta ƙi ni in ban buga ba? Abin da ya fi ɓata mini rai, ya san wasana, ya sha ganina a wajen atisaye. Mutumin da yake sayar da sanduna ai ya san kamfani ɗaya yakan fitar da iri biyu, na gwanaye da na sauranmu. Bai tambaye ni komai ba, bai ce in gwada ba, abin da ke hannunsa kawai yake so ya rabu da shi.

Kuma tunda ana maganar gaskiya, ita ma ta farkon da nake ta yabo, shigowar hunturu ta nuna mini halinta. Ƙasa ta bushe ta yi tauri, faffaɗan gindin nan sai ya daki ƙasa ya yi tsalle, ya sami ƙwallo a tsakiyarta maimakon ƙasanta. In kuma ta tashi, iska ta kama ta a sama ta rage mata tafiya. Da damina zan ba ta cikakken maki, da rani sai na rage.

Lamba 3 tana gida a jingine. Mai gyaran sanduna ya ce in an sa mata ƙota mai laushi za ta ɗan yi sauƙi, amma kan yana nan yadda aka ƙera shi. Yayan namu ya ce zai karɓa ya ba ni tsohuwar wud 5 ɗinsa, kuma ina ganin hakan zan yi.