Robar ban-ruwa mai ɗiga da na saya wa lambuna a Mabera

Duk mazaunin Sakkwato ya san abin da watan Afrilu yake yi wa shuka, lokacin da zafi kan haura digiri 40 kuma ba a sa ran damina sai wajen Yuni. Ni ina fama da ciwon sikila tun ƙuruciya, kuma likitana ya sha gargaɗina cewa tsananin rana da ƙarancin ruwa a jiki suna cikin abubuwan da ke tayar da ciwon. Duk da haka na kasa rabuwa da ɗan lambun da ke bayan ɗakina, inda nake da zogale da yakuwa da alayyafo da attarugu. Ɗaukar bokiti safe da yamma ne ya gagare ni, shi ya sa na sayi robar nan da ake haɗawa da duro a ɗora bisa bulo, ruwa ya riƙa ɗiga a gindin kowace shuka.

Mako uku bayan an haɗa ta, ciwon ya taso mini cikin dare, ya kama bayana da ƙafafuna, aka kwantar da ni a asibiti kwana tara. Ina kwance ana ƙara mini ruwa, amma zuciyata tana wurin yakuwar da na raina tun tana iri, domin na san ko kwana biyu ta yi babu ruwa a wannan zafin, ta ƙone ke nan. Ban tambayi kowa ba, don ba na son jin amsar. Ranar da aka sallame ni, kafin in shiga ɗaki na dafa bango na zagaya baya, sai na tarar da alayyafo ya yi shar, attarugu har ya fara fure, ƙasar gindinsu da danshi alhali ko'ina ya bushe ƙamas. 'Yata mai shekara 11 ta ce, "Umma, jarka biyu kawai mai ga-ruwa yake zubawa a duro, ni kuma in buɗe famfon bayan sallar asuba." A da jarka biyar ba ta isata a yini. Na zauna a kan turmi na yi hawaye, na gode wa Allah, kuma a ranar da an tambaye ni da na ce kowa ya je ya saya.

Sai dai kafin watan Mayu ya raba, matatar ruwan da ke bakin duron ta tsage saboda rana, duk da cewa mai sayarwa ya rantse mini an yi ta ne don ƙasa mai zafi irin tamu. Da ta tsage, laka da yashin ruwan rijiya suka toshe ƙananan hudojin, layin attarugu ya bushe ban ankara ba, domin daga nesa robar tana nan kamar tana aiki. Yanzu duk bayan kwana uku sai na tsuguna da allura ina buɗe huda ɗaya bayan ɗaya, wato wahalar da na biya kuɗi don in guje mata, kuma tsugunon yana tayar mini da ciwon ƙugu. Wannan ya fi ɓata mini rai fiye da asarar attarugun.

Na kira mai shagon sau huɗu don ya kawo mini sabuwar matatar ruwa, kullum amsarsa ita ce, "Hajiya, kaya suna hanya daga Kano." Na ɗaure bakin duron da tsohon kallabi yana tace ruwan, na lulluɓe robar da karan gero don rana ta daina cinta. Mai lalura irin tawa da zai saya, ya karɓi matatar ruwa guda biyu a hannu kafin ya miƙa kuɗinsa, domin tawa yau kwana 23 ke nan ba ta iso ba.