Delhi ko Mumbai: Wanne Ya Fi Dacewa da Matafiyi Mai Ƙaramin Guzuri?

Wani ɗan'uwanmu ya yi tambaya cewa zai yi kwana shida a Indiya, guzurinsa bai taka kara ya karya ba, kuma yana so ya san inda ya fi dacewa ya sauka tsakanin Delhi da Mumbai. Malam, ni Delhi zan zaɓa maka, matuƙar tafiyar ba ta faɗo a tsakiyar zafi ko tsakanin Nuwamba da Janairu ba, amma akwai wuraren da Mumbai ta yi mata fintinkau, kuma ya kamata ka san su kafin ka yanki tikiti.

Abin da ya fi cinye kuɗin baƙo shi ne masauki, kuma a nan ne tazarar biranen biyu ta fi fitowa fili. Mumbai tsibirai bakwai ne da aka cike tsakaninsu da ƙasa har suka haɗe, teku ta tokare ta gabas da yamma, saboda haka fili ya yi ƙaranci, kuɗin ɗaki kuwa ya yi tashin gwauron zabi. Kuɗin da zai kama maka ɗaki mai banɗaki a unguwar Paharganj, daura da babbar tashar jirgin ƙasa ta New Delhi, da ƙyar zai wuce gado ɗaya a ɗakin haɗaka a Colaba, inda masu ƙaramin ƙarfi suka fi sauka a kudancin Mumbai. Paharganj ba wurin hutawa ba ne, domin lungunanta a cunkushe suke da babura da 'yan tireda da shanu masu yawo, amma otal-otal ɗinta suna da yawa har mutum yana iya duba ɗaki uku ko huɗu kafin ya biya. A duk birnin da ka sauka, ka fara tambaya ko suna karɓar 'yan ƙasar waje, saboda doka ta wajabta wa masauki ya yi wa baƙo rajista da hukuma, kuma ba kowane ƙaramin otal ne ke yin hakan ba.

Ta fuskar zirga-zirga ma Delhi ta fi sauƙi ga sabon zuwa. Jirgin cikin gari da suke kira metro, wanda ya fara aiki a 2002, yana da na'urar sanyaya iska, ana sanar da kowace tasha da Hindi da Turanci, kuma akwai layi na musamman da ke ɗauko mutum daga filin jirgin sama na Indira Gandhi zuwa tashar New Delhi cikin kimanin minti 20. Jiragen unguwanni na Mumbai sun fi araha, amma suna kwasar miliyoyin mutane a kullum, yawancinsu kuma a buɗe ƙofofinsu suke tafiya, mutane na rataye a bakinsu. Wanda bai saba ba, kada ya kuskura ya shiga da jaka a lokacin fita aiki ko tashi daga aiki, domin turereniya kaɗai tana iya hana shi sauka a tasharsa. A biranen biyu ana keɓe wa mata taragonsu, abin da zai kwantar da hankalin mai tafiya da iyali.

Inda Mumbai ta ciri tuta shi ne wajen mu'amala. Direbobin tasi masu launin baƙi da rawaya, da masu keke mai ƙafa uku (irin A Daidaita Sahun da muka sani, wanda dama yawancinsa daga Indiya ake shigo mana da shi), sun saba kunna mita ba tare da gardama ba, sai dai ba a barin keken ya shiga tsohon gari na kudu. A Delhi kuwa sai ka yi ciniki kafin ka hau, kuma 'yan kamasho sun yi ƙaurin suna a kewayen tasha. Mutum zai tare ka cikin shiga ta kamala ya ce an rufe ofishin sayar da tikiti, ko ya ce otal ɗin da ka kama ya daina aiki, don kawai ya ja ka zuwa shagon da zai samu la'ada. Maganinsu shi ne ka ci gaba da tafiyarka har ka isa wurin ka gani da idonka.

Idan abin kallo kake nema, musamman tarihin Musulunci, ba a haɗa su. A tsohon birnin Delhi akwai Masallacin Jama wanda Sarki Shah Jahan ya gina aka kammala a 1656, ga Jan Ganuwa da suke kira Lal Qila a kusa da shi, ga kasuwar Chandni Chowk wadda cunkosonta zai tuna wa Bakano Kantin Kwari a jajibirin salla. A kudancin birnin akwai hasumiyar Qutb Minar mai tsawon kusan mita 73 da kabarin Sarki Humayun. Daga Delhi kuma ana zuwa Agra a jirgin ƙasa a ga Taj Mahal a dawo a yini guda, in ban da ranar Juma'a da ake rufe shi ga masu yawon buɗe ido. Sai dai ka sani cewa kuɗin shiga irin waɗannan wurare ya ninka wa baƙo sau da yawa a kan na ɗan ƙasa, don haka ka zaɓi biyu ko uku ka bar sauran. Mumbai ta rama a nan, domin abubuwan kallonta mafi kyau kyauta ne: zama a bakin teku a Marine Drive da yamma, Ƙofar Indiya da aka kammala a 1924, tashar jirgin ƙasa ta Chhatrapati Shivaji Maharaj da ake kallonta daga waje, da hubbaren Haji Ali da ke cikin teku, wanda ake takawa zuwa gare shi ta siririyar hanya idan ruwa ya janye. Wanda kuma son finafinan Indiya ne ke jan sa zuwa Mumbai, ya rage buri, domin wuraren ɗaukar fim suna can arewacin birnin kuma ba a shiga haka kawai.

Abinci ba zai raba gardama ba. Akwai na halal mai araha a lungunan da ke gaban Masallacin Jama, akwai kuma a titin Muhammad Ali na Mumbai, wanda ke cika maƙil da dare a watan azumi. An hana yanka saniya a wuraren biyu, saboda haka jan naman da za a kawo maka yawanci na ɓauna ne ko na akuya. Ka sha ruwan gora mai hatimi kaɗai, ka ci abin da aka dafa a gabanka.

Lokacin tafiya ne kawai zai iya juya shawarar nan. A Mayu da Yuni zafin Delhi yana haura maki 40, a Nuwamba hayaƙi yakan turnuƙe birnin har numfashi ya yi wa mai asma wuya, a Disamba da Janairu kuma hazo yana jinkirta jiragen sama da na ƙasa, ga sanyin da ya fi na hunturunmu. Mumbai ba ta san irin wannan sanyi ba, amma daga Yuni zuwa Satumba damina ce mai ƙarfi da kan tsayar da jirage ta cika tituna da ruwa. Idan za ka tafi a Fabrairu, Maris ko farkon Oktoba, ka sauka Delhi. Idan kuwa Nuwamba zuwa Janairu ne, ka ƙara wani abu a kan kuɗin masauki ka nufi Mumbai. Ko wanne ka zaɓa, ka riƙe katin rigakafin zazzaɓin shawara tare da fasfo ɗinka, domin ana neman sa daga duk wanda ya taso daga Najeriya ko Nijar.