Garin mancozeb a kan gazon: yana aiki, amma ba kullum ba

'Yan uwa masu gazon a gida da masu aikin jardan nan Maradi, ga abin da na gani game da garin maganin nan mai ruwan ɗorawa, mancozeb 80 WP, wanda ake saidawa cikin leda a shagunan maganin gona. Masu tumatir da dankali sun daɗe da saninshi, ni kuwa kan ciyawar ado nake sa shi, gidajen da nake kula da su wajen Ali Dan Sofo da Zariya.

Gaskiya a watan 8 babu kamarshi in dai ka riga ciwon. Lokacin nan ne ruwa ke sauka dare da rana, dare bai yin sanyi, ganye ya kwana jiƙe har hantsi, sai ka wayi gari ka ga gazon ya yi tabo-tabo zagaye launin ƙasa, wani kamar faifai wani ya fi tabarma, ka ja ganyen ya tsinke daga gindi ya ruɓe. Funfuna ce ta cikin ƙasa, masana na ce mata Rhizoctonia, kuma ba abin da take so irin zafi da laima da takin ure da ya yi yawa. To shi wanga gari kan ganye yake zama, bai shiga jikin ciyawa, tsaro ne kawai. Inda na fara feshi tun ruwa ya zauna a watan 7, ina maimaitawa bayan kwana 7 zuwa 14, gazon ya wuce damina lafiya lau, har wani kore yake ƙarawa don akwai manganis da zink a ciki. Inda aka kira ni bayan tabo ya riga ya bazu kuwa, sai dai ya tsaida shi, wanda ya mutu ya mutu.

Abin haushinshi ɗaya, ruwan sama mai ƙarfi na wanke shi. Ka goya pompo lita 16 ka sha wahala da sahe, la'asar hadari ya taso daga gabas, shi ke nan kuɗi da wahala sun bi rariya. Kuma in ba ka girgiza pompo yana kwantawa ƙasa ya toshe baki. In ciwo ya ci ƙarfi ni wani maganin funfuna mai suna azoxystrobin nake kawowa, shi yana shiga ganye, amma akwai tsada kuma in ka dage da shi kaɗai funfunar na sabawa ya daina ci, don haka nake juya su. Mancozeb bai cika wannan matsala ba tunda ta wurare da yawa yake kama ta.

Yanzu ga inda ake cutar mutane. Watan 4 da 5 zafi ya haura 40, gazon ya yi rawaya, Alhaji ya aika yaro shago, mai shago ba tambaya ba komi ya miƙo mishi leda. Haba dai. Mafi yawa ƙishirwa ce ko gara ta ci saiwa, ko an aske ciyawa ƙasa-ƙasa rana ta ƙone ta. Ka tona da wuƙa ka duba kafin ka kashe kuɗi. Haka lokacin hunturu, ciyawar tana rage girma ta dushe don sanyi da ƙura, ba ciwo ba ne, nan ma ban sa shi. Ban ruwa kuma da asuba, don Allah a daina na magariba, shi ke kwana da laima.

Wajen saye a duba kwanan wata da hatimin CSP, wato kwamitin ƙasashen Sahel mai ba da izinin magunguna, don kaya na shigowa ta Dan Issa, bakin iyakar Najeriya, iri-iri, wani ya daɗe a rana har ya dunƙule. A bi awon da ke jikin leda, ba a yi da ka. Tarayyar Turai ta janye izininshi ƙarshen 2020 saboda lafiyar mutane, don haka safar hannu da takunkumi dole ne, yara kar su hau sai ya bushe, kuma ciyawar da aka aske bayan feshi kar a zuba ma tumaki, na san mu da son kiwon raguna.

Zan sake saye kafin damina, amma ƙaramar leda ta ishe ni, tunda wata uku ne aikinshi a shekara.