Zagayen Winchester kan tarihin Bishop Wykeham: ya ci kuɗinsa, amma da gyara

Duk wanda hanya ta biyo da shi Winchester a kudancin Ingila kuma yana son tarihi, ya nemi zagayen ƙafan nan da ake yi kan William na Wykeham. Wani ƙaramin kamfani mai zaman kansa ne ya haɗa namu, wani dattijo ya ja mu, kuma gaskiya mutumin ya san abinsa.

Bai ma fara da coci ba. Ya fara da cewa Wykeham ba ɗan sarauta ba ne, daga ƙauyen Wickham ya fito, iya riƙe lissafi da kula da magina ne suka ɗaga shi, har Sarki Edward na 3 ya ɗora shi kan aikin ginin fadar Windsor, daga nan fa sai hawa yake ta yi, a 1367 aka naɗa shi bishop na Winchester kuma a shekarar ya zama cansala, shi ke riƙe da babban hatimin sarki.

Cikin babban cocin ne na ji kuɗina sun fita. Dattijon ya sa mu taɓa wani ginshiƙi, ya ce ba rushe tsohon ginin Normawa (mutanen arewacin Faransa da suka ci Ingila da yaƙi) aka yi ba, maginin Wykeham mai suna William Wynford sassaƙe shi ya yi ya lulluɓe da sabon dutse, sannan ya ja mu ɓangaren da ba a taɓa ba muka ga kaurin tsofaffin bakunan ginin da idonmu. Kai, bambancin a fili yake. Kabarin Wykeham na nan cikin wani ɗan ɗaki tsakanin ginshiƙai, an sassaƙa shi kwance da hular bishop, ga wasu ƙananan mutum-mutumi uku zaune wajen ƙafafunsa sun haɗa hannuwa.

Inda ban ji daɗi ba shi ne siyasar, wadda ita ce naman labarin, a guje ya wuce ta. A 1371 majalisa ta matsa a cire malaman coci daga manyan muƙamai saboda yaƙin Faransa ya taɓarɓare, Wykeham ya sauka daga cansala. A 1376 kuma ɓangaren John na Gaunt, ɗan sarki, suka tuhume shi da almundahana aka ƙwace kuɗin shigar kujerarsa ta bishop, sai da Richard na 2 ya hau a 1377 ya yafe masa, har ya dawo cansala daga 1389 zuwa 1391. Duk wannan sai da na yi ta jefa tambaya kafin ya fito, alhali mutumin da aka kayar haka ya tashi ai ya kamata a tsaya a kansa sosai. Makarantun da ya kafa dai an ba su haƙƙinsu, New College a Oxford 1379, Winchester College 1382 mai gurbin ɗalibai 70, kuma duk suna aiki har yau. Ya rasu 1404.

Matsala ta biyu mun yi yawa, ba lasifika, in kana baya a kan titi rabin maganar iska ke ɗauka. Ka tsaya kusa da shi, ka sa takalmi mai daɗin tafiya, ka kuma tambaya tun wajen biya ko kuɗin shiga cocin na ciki. Tauraro 4 cikin 5 na ba su.